Zauren Iyali: Yinin da Muka Hau Dutsen Ngaundare

  

A watan Nuwamban da ya wuce wata lalura ta kai mu Ngaundare. Baffanmu ne zai sauko daga Yawunde a jirgin ƙasa bayan ya sha jinya, sai muka ga ya dace mu tare shi da kanmu. Da yake kowa ya san halin hanyarmu ta Tinyer, muka yi sammako tun ana gobe zai iso, mu da uwargida da yara uku, muka sauka gidan wani ɗan'uwa. Bayan Azahar ba mu da abin yi sai jiran wayewar gari. Nan ne ƙaramar 'yarmu ta nuna dutsen nan da ke tsaye a kan garin, mai ƙaton curin dutse a bisa kansa, ta ce, "Baba, ana hawa can?" Muka buɗe baki za mu ce ba a hawa, sai kunya ta kama mu, domin ba mu sani ba. Shekara ashirin da ɗoriya muna shiga garin nan muna fita, mun san tasha, mun san kasuwa, mun san ƙofar kowane ofis da ake kai takarda, amma ko sau ɗaya ba mu taɓa tambaya ba ko akwai hanyar hawa dutsen da garin ya ci sunansa.

Ga wanda bai sani ba, sunan Ngaundare daga harshen Mbum yake, waɗanda suka riga kowa zama a wurin, kuma ma'anarsa dutsen cibiya, saboda wancan curin da ke sama ya yi kama da cibiya a kan ciki. Fulani ƙarƙashin Arɗo Njobdi sun kafa mulkinsu a nan cikin shekarun 1830, daga baya fatake Hausawa da Barebari suka cika garin da ciniki. Ko kakanninmu, da yawansu ta nan suka bi kafin su yi yamma su zauna Tinyer da Galim da Banyo.

Muka jira rana ta yi sanyi, muka yi La'asar, muka ɗauki gorar ruwa biyu da tabarma ƙarama. A gindin dutsen muka iske wani dattijo zaune a ƙofar gidansa. Ya dube mu, ya dubi uwargida da mayafinta, ya ce, "Alhaji, lafiya dai? Me kuka jefar a can sama?" Muka ce ba mu jefar da komai ba, kallo za mu je. Ya yi dariya har da tafa hannu, sannan ya kira jikansa ya ce ya nuna mana hanya. Allah Ya saka masa da alheri, don ba domin yaron nan ba da mun sha wuya. Babu allo, babu alama, hanya ce irin wadda ƙafa ta fitar, tana ratsa tsakanin manyan duwatsu, wani wuri ta rabu biyu, wani wuri ta ɓace cikin ciyawa. Yara suka yi gaba kamar awaki. Mu kuwa da muke taƙama da ƙarfi, tun ba a yi rabi ba numfashi ya fara gagararmu, muka riƙa fakewa da cewa muna jiran uwargida ne, alhali ita ce take jiranmu.

Mun koya wa yara wata sunna a hanya, wadda mu ma mun daɗe ba mu samu wurin aiki da ita ba. Ya tabbata a cikin Bukhari daga Jabir ɗan Abdullahi, Allah Ya yarda da shi, cewa sahabbai idan suna hawan tudu kabbara suke yi, idan suna gangarowa kuma tasbihi. Wanda rayuwarsa duka tsakanin shago da gida da kujerar mota take, yaushe zai raya wannan sunna? Yara suka karɓe ta da murna, duk dutsen da suka haye sai ka ji Allahu Akbar.

Da muka kai sama, gani ya kori ji. Garin gaba ɗaya ya shimfiɗu a ƙarƙashinmu, rufin kwano yana walƙiya tsakanin itatuwan mangwaro, hasumiyoyin masallatai sun ɗago nan da can. Muka nuna wa yara wajen fadar Lamiɗo da babban masallacin da ke kusa da ita, inda tsohon gari yake. Muka nuna musu tashar jirgin ƙasa, ƙarshen layin dogon da ya iso nan a 1974 bayan ya ratso fiye da kilomita 600 daga Yawunde, muka ce da su ta nan kakanku zai ɓullo gobe in Allah Ya so. Muka juya arewa muka ce can ne Dang, inda jami'a take tun 1993, bayanta kuma hanya ta gangara daga tudun Adamawa zuwa kwarin Binuwai har Garwa. Babban ɗanmu, wanda ya karanta a makaranta cewa Adamawa ita ce rumbun ruwan Kamaru, sai ranar ya gane abin da ake nufi. Garin kansa yana bisa tudu mai tsayin kimanin mita 1,100 daga teku, ƙasa kuwa tana zubewa ta kowace fuska. Ruwan da ya sauka a wannan tudu wani ya bi Binuwai ya wuce Garwa da Yola ya haɗu da Kwara a Lakwaja, wani ya bi Sanaga ya yi kudu zuwa teku, wani ya bi Logon ya nufi tafkin Cadi. Faro da Dewo namu ma, waɗanda yankinmu ke amsa sunansu, Binuwai suke nufa. Abin da malami ya yi wata guda yana zanawa a allo, dutse ya bayyana shi cikin rabin sa'a.

Uwargida ba ta ce komai ba sai da muka shimfiɗa tabarma. Ta daɗe tana kallon yamma, wajen da Tinyer take ko da yake ba a hango ta, sannan ta ce, "Malam, tun da aka kawo ni gidanka ban taɓa fita don kallo kawai ba. In ba biki ba, to gaisuwar mutuwa ce, ko asibiti." Ba da faɗa ta faɗa ba, kuma ba mu da amsa. Mun tabbata ba gidanmu kaɗai ba ne. Mu maza muna da majalisa, muna da kasuwa, muna da tafiye-tafiye. Matanmu da 'ya'yanmu mata kuwa, duniyar da yawansu katanga huɗu ce da abin da wayar hannu ta nuna musu. Sa'an nan mu dawo muna kuka da waya, alhali ba mu ba su wata taga da za su leƙa ba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tseren gudu da Nana A'isha a kan hanyar tafiya, har sau biyu, kamar yadda Abu Dawuda ya ruwaito. Ya hau dutsen Uhudu tare da Abubakar da Umar da Usman, ya kuma bayyana ƙaunarsa ga wannan dutse. Alƙur'ani mai girma, a cikin suratul Gashiya, ya yi kira a dubi raƙumi da sama da duwatsu da ƙasa domin a yi tunani. Ba mu ga inda aka keɓe wannan kira ga maza ba.

Mun san abin da wasu za su ce, don mun ji shi tun muna yara: dutse gidan iskoki ne, ba a kai mace da yaro. Mumini yana da azkar na safe da na yamma, kuma Wanda Ya halicci dutsen Shi ne mai tsaro a kan dutse da cikin ɗaki. Abin da ya kamata a ji tsoro a fili yake: maciji a cikin ciyawa, santsin dutse bayan ruwan sama, da duhu ya riski mutum bai sauko ba. Akwai kuma wanda ya fi waɗannan, wanda mu mutanen Faro da Dewo ba ma bukatar a tuna mana, wato shekarun da masu garkuwa da mutane suka addabi makiyaya a dazuzzukan Adamawa, har wasu suka bar rugagensu suka dawo gari. Saboda haka ba muna cewa kowa ya ɗauki iyali ya nufi Cabbal Mbabo ba. Maganarmu a kan tudun da ke bakin gari ce, wanda ana jin kiran salla daga kansa, a je da rana, a je cikin jama'a.

Ba duk abin da muka gani ne ya faranta mana rai ba. Leda ta maƙale a kowane ƙaya, ga fasassun kwalabe a inda ya fi daɗin zama, ga sunayen samari da fenti a jikin duwatsu. Ba inuwar da aka tanada, ba makewayi, ba wurin da mace za ta yi salla a suturce. A gefen gangare mun ga masu fasa dutse, har da mata, suna ta bugu da guduma don su sayar wa magina tsakuwa. Ba mu zarge su ba, abinci suke nema, kuma gidajenmu ne ke sayen tsakuwar. Amma gidaje suna ta hawa dutsen daga ƙasa, guduma tana cinsa daga gefe, kuma wasu ɗakunan an gina su ne a ƙarƙashin duwatsun da mutum ba zai so ya kwana kusa da su da damina ba. Wanda ya san Kano ya ga irin wannan a Dala, dutsen Barbushe da tarihin birnin ya faro daga gare shi: an yi masa matakala, ana hawa a ga birni, amma gidaje sun kewaye shi har gindinsa, ba sauran filin da za a dasa ko bishiya goma. A Ngaundare akwai dajin shaƙatawa na Mardock a cikin gari, inda iyalai kan je, sai dai shi a ƙasa yake, ba a hango komai daga cikinsa.

Wani ɗalibinmu da ya yi karatu a Masar ya ba mu labarin abin da aka yi a Alƙahira, muka kuma bincika muka tarar haka ne. Kusa da jami'ar Azhar akwai wani tudu da ake kira Darrasa, wanda juji ne da mutanen birnin suka yi kusan shekara 500 suna zuba shara da ɓaraguzan gini a kansa. A 1984 Aga Khan ya yi alkawarin yi wa birnin lambu, cibiyarsa ta raya al'adu ta ɗauki aikin, aka yi shekaru ana kwashe ƙasa da dubban manyan motoci. Cikin haƙan ne aka tono ganuwar zamanin Salahuddin Ayyubi da shara ta binne, aka gyara ta. An buɗe lambun Azhar a 2005, faɗinsa hekta 30, da hanyoyin ƙafa da magudanan ruwa da itatuwa, a ƙarƙashinsa kuma akwai manyan tankunan ruwan sha guda uku na birnin. Daga samansa ana hango hasumiyoyin tsohuwar Alƙahira da masallacin Muhammadu Ali. An kashe kimanin dalar Amurka miliyan 30. Su sai da suka mai da juji tudu mai kyau da wannan maƙudan kuɗi. Mu kuwa Allah Ya ba mu tuddai a shirye, da ciyawarsu da iskarsu, ko ta ina ka fita daga Tinyer sai ka yi karo da ɗaya.

Makwabtanmu Nyem-Nyem na Galim sun riga mu sanin darajar dutse. Kogunan dutsen Jim ne suka ɓoye kakanninsu a zamanin yaƙe-yaƙe har zuwan Jamusawa, shi ya sa duk shekara suke hawa su tuna da su, kuma ba wanda zai je ya yanka fili a wurin. Dutsen da mutane ke hawa suna kiran sunansa yana da masu tsaronsa. Wanda ba kowa ke zuwa ba, wata rana sai a wayi gari a ga an kafa masa turaku.

Wannan ne ya sa muke kawo shawara tun garinmu bai kai can ba. Tinyer tana faɗaɗa, filayen da muka yi kiwo a cikinsu muna yara yau unguwanni ne. A ƙarƙashin dokar filaye ta 1974, ƙasar da ba ta da takardar mallaka tana hannun hukuma ne, saboda haka abin da ake bukata shi ne dattawanmu su je gaban Mai Martaba Lamiɗo, su je wurin magajin gari da shugaban yanki, a zaɓi tudu ɗaya kusa da gari, a shata iyakarsa a rubuce da sunan jama'a. Kada a manta da makiyaya a zaman: in akwai burtali a wurin a bar shi yadda yake, don lambun da ya toshe hanyar shanu rigima zai haifa. Sauran aikin bai fi ƙarfin gayya ba. Samarinmu su share hanya ɗaya mai sauƙin hawa wadda tsohuwa za ta iya bi, a jera duwatsu wurin zama, a daidaita wani fili a nuna alƙibla, a kewaye wani gefe da zana domin mata. Farkon damina a dasa mangwaro da gwaiba, ƙarshenta kuma a share kewayen tudun saboda wutar daji, don ita ce ke cinye duk abin da aka dasa a ƙasar nan. Kowane gida da ya hau ya sauko da sharar da ya kai, har da wadda ya tarar. Kawar da abin cutarwa daga hanya sadaka ce kamar yadda muka sani.

Ga mai niyyar hawa na Ngaundare, lokacin da ya fi shi ne daga ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, ruwa ya ɗauke, ciyawa ba ta bushe ba, hazon hunturu bai rufe gari ba. A sa takalmi mai riƙe ƙafa, a nemi ɗan unguwa ya yi jagora a kuma sallame shi da alheri, a fara saukowa tun rana tana da sauran tsayi. Mu mun ɗan makara, kiran Magariba ya same mu muna gindin dutsen, dattijon nan ya ba mu buta muka yi salla a ƙofar gidansa. Ya tambaye mu me muka gani, yara suka yi ta ba shi labari suna katse juna. Can ya ce shi ma rabonsa da hawa tun kafin jirgin ƙasa ya zo garin.

Mun miƙa wannan magana ga shugabannin ƙungiya domin a saka ta cikin zama mai zuwa. Kafin nan muna roƙon dattawan da suka san sunayen tuddan da ke kewaye da Tinyer, da wanda ke noma ko kiwo a kowannensu, su sanar da mu bayan sallar Juma'a, don mu je zaman da jerin sunaye a hannu.