Darasin Lakemba: A Buɗe Wa Baƙo Ƙofa, A Kiyaye Alfarmar Ramadan

Lakemba unguwa ce a kudu maso yammacin birnin Sidni na ƙasar Ostareliya, kuma kimanin kashi 60 cikin 100 na mazaunanta Musulmi ne. Akwai 'yan asalin Labanon, Bangaladash, Pakistan da Indiya, akwai 'yan Rohingya da suka baro Myanmar, ga kuma maƙwabtansu Kiristoci da waɗanda ba su bin wani addini. A nan masallacin Imam Ali bin Abi Ɗalib yake, wanda Musulmin Labanon suka gina a shekarun 1970.

Kowane Ramadan, da an sha ruwa, titin Haldon kan cika da rumfunan abinci: kunafa, gasasshen naman raƙumi a cikin burodi, gahawa da shayi. Abin da ya fara da 'yan tsirarun masu gashi a bakin titi ya zama taron da ke jan mutum fiye da miliyan ɗaya a wata guda, da yawansu ba Musulmi ba.

Wanda ya san tarihin birnin zai fahimci girman wannan al'amari. A watan Disamban 2005, dubban mutane sun taru a gaɓar teku ta Cronulla suna farautar duk wanda ya yi kama da Balarabe. Ga shi yau mutanen birnin na layi da iyalansu don cin abinci daga hannun Musulmi. Aya ta 13 a Suratul Hujurat ta nuna cewa hikimar rarrabuwar mutane zuwa al'ummu da ƙabilu ita ce su san juna, aya ta 8 a Suratul Mumtahana kuma ta halatta kyautatawa da adalci ga wanda bai yaƙe mu ba. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Habashawa sun yi wasansu na masu a masallacin Manzon Allah (SAW), bai hana su ba, har ya bar Nana A'isha (RA) ta kalla. Saboda haka bambancin al'ada ba abin gudu ba ne a wurinmu.

Sai dai kowane allazi da nasa amanu. Mazauna unguwar sun koka da hayaniya har tsakar dare, da shara, da cunkoson motoci. Wasu Musulmi sun ce ciniki ya rinjayi ibada, har baƙo kan zo ya koma bai san me ya sa ake azumi ba. Majalisar ƙaramar hukumar Canterbury-Bankstown, wadda ke ɗaukar nauyin tsaro da tsafta, ita ma ta ji nauyin kuɗin da take kashewa. A 2025 ta taƙaita taron zuwa darare huɗu a mako, daga Alhamis zuwa Lahadi.

A ganinmu wannan mataki ya dace. Ba mu tare da masu kiran a rufe taron, domin rufe shi rufe ƙofa ce da aka sha wahala kafin ta buɗu. Haka kuma ba mu tare da masu auna nasara da yawan jama'a kaɗai. Tsohuwar da ke neman barci kafin sahur tana da haƙƙin maƙwabtaka, kuma babu ribar da za ta goge shi. Ya kamata masu rumfa su tsara aikinsu ta yadda Isha'i da Tarawihi ba za su kuɓuce musu ba, a guji almubazzaranci da abinci, a sassauta a goman ƙarshe. Wajibi ne kuma masallatai su fito cikin taron da mutanen da za su amsa tambayar baƙo cikin ladabi. Idan malamai suka ƙaurace, 'yan kasuwa ne kaɗai za su fassara wa duniya Ramadan.

Muna da rabo a wannan darasi. Tun rikicin 2000, kogin Kaduna ya zama kamar iyaka tsakanin unguwannin da Musulmi suka fi yawa da waɗanda Kiristoci suka fi yawa, yara sun tashi ba su san gidajen juna ba. Taron abinci, sana'a da wasannin yara, wanda ba a nemi kowa ya shiga ibadar wani ba, zai iya rage wannan tazara. Sharaɗinmu a bayyane yake: kada a taɓa aƙida, kada a shigo da giya ko baɗala, kada a cutar da maƙwabci, kada kuma 'yan siyasa su mayar da shi dandalin kamfe.

Muna kira ga limamai, masu unguwanni da ƙungiyoyin matasa su zauna da takwarorinsu su fara da ɗan ƙaramin taro, ko da na yini ɗaya ne. Allah Ya ba mu ikon kiyaye haƙƙin maƙwabci, Ya zaunar da ƙasashenmu lafiya, amin.