Wasiƙa Zuwa Ga Maginan Kadawa, Kura da Bunkure

Ya Sarkin Magina da sauran 'yan'uwa masu riƙe da cokalin gini.

Roƙon da na zo da shi: kada ku sa diga a ƙasa don katanga sai kun ga iyaka da idonku. Mai gida zai ja ku gefe ya ce, "Malam, ɗan matsar da igiyar nan taku biyu, ai lungun yana da faɗi." Taku biyun nan ne ke hana amalanke shiga da buhunan shinkafa, su ne ke toshe kwata, ruwan Agusta ya koma ɗakin maƙwabci. A kira mai unguwa da maƙwabta, a kafa turaku a gabansu. Dokar filaye ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da takardar fili a karkara, inda kuma tsarin birni ya kai, izinin gini yana hannun hukumar tsara birni ta KNUPDA. Ku nemi ganin takarda. Idan fili ya kusanci kanal na ban ruwa, a fara jin ta bakin Hukumar Kogunan Haɗejiya da Jama'are, domin ta hanyar gefen kanal ake shiga yashe shi.

Sai batun ƙasar kanta, wanda ya fi damuna. Tun da ruwan madatsar Tiga ya fara ratsa gonakin nan a shekarun 1970, damshi ya taso kusa da sama. Na ga katangar da ba ta cika shekara uku ba, gindinta ya yi fari fat da kanwa, kana sa yatsa filasta na zubowa kamar gari, yara kuwa na wasan langa a inuwarta. Don Allah ku haƙa tushe har ku tarar da ƙasa mai tauri, ku zuba kankare, ku fara da bulo inci tara, ku shimfiɗa leda mai kauri ta tare damshi kafin ku ɗora. Ku tsayar da ginshiƙai da rodi, ku bar ƙofar ruwa a gindi, ta fuskanci kwata. Bulon da ke marmashewa a hannu ku mayar wa mai shi.

Idan mai gida ya ce kuɗinsa bai kai ba, ku yi masa layi biyar masu ƙwari, ya ƙarasa da zana har kaka ta yi.

Wassalam.