Littafin Chilson da hanyar Tagriss

Peter Chilson, ɗan jarida Ba'amurke, ya yi samartakarsa a Nijar ƙarƙashin Peace Corps daga 1985 zuwa 1987, ya komo a 1992 yana bin motocin haya daga Damagaram. Littafinsa, Riding the Demon (1999), ya fi armashi inda direbobi ke magana: shingen jandarmomi, na goro, layu, tsoron aljanun hanya. Sai dai idonsa ya fi kan kwalta. Mai naƙuda da ake ɗauko wa daga Tagriss zuwa Dakoro cikin rairayi, nata aljanin daban ne. Peace Corps ta bar ƙasar a 2011, an dakatar da RFI a 2023, baƙi masu rubutu sun ragu. Littafin kuwa da Ingilishi yake, harshen da ƴan tasharmu ba su karantawa.