Martani: Riƙe Tsohuwar Manhajar Kiɗa Ba Lalaci Ba Ne

Wani marubuci ya wallafa cewa masu haɗa kiɗa a gida a Mararaba, da ke ƙaramar hukumar Karu a bakin iyakar Abuja, sun maƙale a baya saboda sun ƙi rabuwa da Cubase 5 da FL Studio 11. A ganinsa, lalaci ne da tsoron sabon abu. Hujjar ba ta tsaya da ƙafarta ba.

Da farko, kwamfutar fa? Cubase 5 ta fito a 2009, tana tashi lafiya lau a kwamfutar gwanjo. Sabuwar manhaja tana buƙatar na'ura mai ƙarfi. Wa zai biya kuɗinta, ga man janareta, ga haya?

Na biyu, tun daga Cubase 9 a 2016, kamfanin Steinberg mai yin Cubase ya daina karɓar ƙananan manhajojin sauti masu 32-bit. Wanda ya gina ayyukan shekaru a kansu, ya zubar da su ke nan?

Na uku, sabo jari ne. FL Studio 12 ta sauya fasali a 2015. Mawaƙi yana tsaye gaban makirufo, wuta na iya ɗaukewa kowane lokaci. Nan ne wurin laluben maɓalli?

Haɗarin gaske ga mai tsohuwar kwamfuta shi ne Windows 7, wadda Microsoft ta daina tallafa wa a Janairun 2020. Maganinsa sananne ne: a raba kwamfutar aiki da intanet, a riƙa adana kwafin ayyuka a wani faifai daban.