Taswirar Yatsu Da Mudun Masu Bincike

Duk wanda ya nuna maka hoton ƙwaƙwalwa mai ja da rawaya ya ce ga gurbin babban yatsa, ga na manuniya, ka yi masa tambaya guda: in aka kai mutumin nan wani gari, aka sa shi cikin wata na'ura, hoton nan zai sake fitowa? In ya yi shiru, to ado ya nuna maka.

Ba wanda ke musun cewa yatsu suna da gurabe a ƙwaƙwalwa. Tun 1937 Wilder Penfield ya nuna haka a Kanada, yana taɓa ƙwaƙwalwar marasa lafiya da ɗan lantarki ana yi musu tiyata suna farke. Amma na'urar fMRI ba jijiya take gani ba, sauyin iskar oksijin cikin jini take aunawa, sai a yi lissafi, sannan a shafa launi. A 2009 Craig Bennett ya sa mataccen kifi cikinta, lissafi na sakaci ya nuna wai ƙwaƙwalwar kifin tana aiki! A 2020 kuma aka ba rukuni 70 na masana bayanai iri ɗaya, ba a sami biyu da suka bi hanya guda ba, amsoshinsu suka sha bamban.

Shi ya sa nake jin haushin masu raina aikin maimaitawa, suna cewa ɓarnar kuɗi ne, ba sabon abu a ciki. Cibiyoyi biyar na Birtaniya masu na'urar tesla 7, wato Cambridge, Cardiff, Glasgow, Nottingham da Oxford, sun yi abin da ya kamata: mutane iri ɗaya suka riƙa zagaya su ana auna su. Aiki ne mai gajiyarwa, ba ya kawo wa kowa suna. Amma ko mai sayar da gero ya san ba a ciniki tsakanin kasuwa biyu sai an daidaita mudu.

Za su ce ai kowa da irin ƙwaƙwalwarsa. Gaskiya ne, kuma hujjata ce, ba tasu ba. Binciken Naveed Ejaz da Jörn Diedrichsen na 2015 ya nuna shimfiɗar gurbin yatsu tana bambanta daga mutum zuwa mutum. To, in ba a san iyakar kuskuren na'ura ba, yaya za a raba bambancin mutum da nata?

Ba gardamar malamai kawai ba ce. Shekaru da yawa ana koyar da cewa in an yanke hannu, maƙwabtan sassa kan mamaye gurbinsa a ƙwaƙwalwa, har aka ɗora wa wannan laifin raɗaɗin da mutum ke ji a hannun da babu shi, aka kuma gina magunguna a kai. Sai a 2016 rukunin Tamar Makin ya iske taswirar yatsun tana nan daram shekaru da dama bayan yankewa. Mai wannan raɗaɗi yana jiran a raba gardamar, kuma hoton da ke fitowa a ɗakin bincike ɗaya tak ba zai raba ta ba.