Duniyar Na'ura: Wasiƙar Da Ta Tashi Ba Ta Sauka Ba

Sau da yawa akan ji mai neman aiki, ko ɗalibi mai neman gurbin karatu, yana rantsuwa cewa ya aika da takardunsa ta imel, amma waɗanda aka aika wa su ce ko alamarsu ba su gani ba. Kafin a gano inda gizo ke saƙar, wa'adi ya cika, dama ta wuce. Abin da ya kamata jama'a su fahimta shi ne, kalmar "an aika" da na'ura ke nunawa ba ta nufin an karɓa. Iyakar ma'anarta ita ce wasiƙa ta bar hannun mai ita.

Tun 1982, lokacin da Jon Postel ya rubuta ƙa'idar SMTP, wasiƙar imel zango-zango take tafiya, tamkar ta gidan waya. Daga wayar mai aikawa sai babbar na'urar kamfanin da ke riƙe da akwatinsa, daga nan kuma sai ta mai karɓa, wadda ke da ikon amsa, ko jinkirtawa, ko ƙi. A kowane zango ana iya samun cikas.

To, mai bin sawu sai ya fara daga gida. Ya duba akwatin wasiƙu masu jiran fita, domin idan intanet ta yanke lokacin aikawa, nan wasiƙar za ta kwana. Sa'an nan ya karanta adireshin harafi da harafi. Ɗigo ɗaya da ya ɓace, ko mantawa da "ng" a ƙarshen adireshin jami'a ko ma'aikata, ya isa ya kai wasiƙa inda babu kowa.

Bayan wannan sai ya nemi takardar da na'ura ke mayarwa da sunan Mailer-Daemon, wadda mutane da yawa ke sharewa ba su karanta ba, alhali ita ke ɗauke da dalili. Lambar da ta fara da 4 tana nufin jinkiri ne, za a yi ta sake gwadawa har kwana huɗu ko biyar. Wadda ta fara da 5 kuwa ƙi ne ƙememe: 550 galibi ba a san adireshin ba ne ko an hana shiga, 552 kuma akwati ya cika ko kaya sun yi nauyi. Alal misali, Gmail ba ya barin a aika maƙalallen kaya da suka wuce megabait 25.

Idan babu abin da ya dawo, mai yiwuwa matatar da ke tsare wasiƙun banza ce ta karkatar da ita zuwa akwatin tarkace, inda Gmail ke share abin da ya kwana 30. Bugu da ƙari, tun Fabrairun 2024 kamfanonin Google da Yahoo suka tsananta neman shaidar SPF da DKIM, wato hatimin da ke tabbatar da cewa wasiƙa daga inda ta ce ta fito take. Ofis ko kamfanin da ke da adireshin kansa amma bai daidaita wannan hatimi ba, sai ya yi ta aikawa ana mayar masa. Gyaran wannan aikin mai kula da na'urorin ofishin ne.

Daga ƙarshe, Hausawa sun ce zuwa da kai ya fi saƙo. Duk wasiƙar da abincin mutum ko karatunsa ya rataya a kanta, kada ya bari sai ranar ƙarshe. Ya aika da wuri, ya roƙi a ba shi amsar cewa ta iso, in kuma ya ji shiru kwana biyu, ya buga waya ya tambaya.