Zancen wata: masu biyan kuɗin kayan garka tun ba a shuka ba

A wannan wata za mu leƙa ƙasar Faransa, mu ga wata dabara da masu garka da mutanen birni suka ƙulla tsakaninsu.

Kowa ya san ciwon mai garka. Ranar da tumatirinsa ya nuna, na kowa ma ya nuna. Kasuwa ta cika, kuɗi ya faɗi, kayan kuma ba sa jira, kwana kaɗan sun ruɓe. Dole ya sayar yadda dillali ya yanka. Ƙananan manoman Faransa ma sun ɗanɗana wannan.

A shekara ta 2001, a garin Aubagne kusa da Marsai, wasu iyalai suka haɗa kai da wani mai garka, Daniel Vuillon, da matarsa Denise. Suka kafa ƙungiyar da ake kira AMAP, wato ƙungiyar raya noman ƙananan manoma. Ba su ne farau ba. Mutanen Japan sun fara irin wannan tun wajen 1970, Amurka ta ɗauka a 1986, kuma can ne su Vuillon suka gano ta. Zuwa 2015, irin waɗannan ƙungiyoyi sun kai wajen 2000 a Faransa.

Ga yadda ake shiga. Mai gida ya sa hannu a takarda, ta wata shida ko ta shekara guda. Ya ɗauki alkawarin kuɗin tun farko, a tashi ɗaya ko wata wata. Da wannan kuɗi manomi ke sayen iri da taki, ya biya ƴan aiki. Shi kuma kowane sati, rana ɗaya, wuri ɗaya, yana kawo abin da garka ta ba da, a raba wa kowane gida kwandonsa. Ba a zaɓe. Lokacin zafi tumatir da gauta da kabewa, lokacin ɗari shu da karoti da dankalin turawa. Ƴan ƙungiya ne ke taimakawa wajen rabo, yau wannan, sati mai zuwa wancan. Babu dillali a tsakani.

To, a nan ne ya kamata mu natsu. Wani zai ce: ai mun san wannan, ɗan kasuwa ma yana ba mu kuɗi kafin kaka. Ba ɗaya ba ne. Kuɗin ɗan kasuwa bashi ne. In tsutsa ta ci gona, bashin yana nan a wuyanka, har ka sayar da akuya. A wannan ƙungiya kuwa, in ƙanƙara ta kashe salati, kwandon kowa ya ragu, manomi ba ya mayar da ko dala. In shekara ta yi kyau, kwando ya cika. An rubuta haka a takarda, kowa ya yarda tun kafin a shuka.

Abin yana da nauyinsa. Uwar gida takan gaji da ganin shu sati bayan sati, wasu su fita da ƙarshen wa'adi. Manomi kuma dole ya shuka iri-iri, ya jera shukar yadda kowane sati akwai abin tsinka. Garkarsa a buɗe take, mai kwando yana iya zuwa ya gani da idonsa. In ya ɓoye mai kyau ya kai kasuwa, ƙungiya ta watse.

Ko za ta yi a wajenmu? A ganina ba ko'ina ba. Mai albasa a Galmi, wanda buhunansa ke tafiya Abijan da Akara, ba tasa ba ce, don babu gidan da zai cinye tulin albasa kowane sati. Amma mai noman rani a bakin Maraɗi, ko Damagaram, ko Yamai, kusa da malaman lakkol da ma'aikata masu albashin wata, yana iya gwadawa da gida goma. A zauna gaban shaidu, a rubuta kuɗi, da ranar rabo, da watannin da za a yi, daga sanyi zuwa lokacin da ruwan rijiya ya ja baya. Wanda ya yi karatun yaƙi da jahilci ya karanta takardar da kansa kafin ya sa hannu.